Hockey Reference da Stathead: Ko Za Su Gaya Maka Ranar da Tauraron Hoki Zai Fara Sanyi?

Ranar 6 ga Afrilu, 2025, Alex Ovechkin na Washington Capitals ya ci ƙwallonsa ta 895 a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, a ragar New York Islanders, yana ɗan shekara 39, ya wuce tarihin Wayne Gretzky na yawan ƙwallaye. Tun daga nan tsohuwar muhawarar masu bin hoki na kan ƙanƙara ta sake tashi: kaka nawa tauraro zai iya jerawa yana zuba ƙwallaye kafin ƙafa ta yi nauyi? Inda aka fi zuwa neman hujja shi ne shafin Hockey Reference, na kamfanin Sports Reference da ke Amurka, da ɓangarensa na kuɗi mai suna Stathead. Don wannan tambaya ɗaya za mu auna su. Abin da ake bugawa a hoki faifan roba ne, amma za mu riƙa cewa ƙwallo kamar yadda baki ya saba. Maki kuma shi ne ƙwallon da ɗan wasa ya ci haɗe da wadda ya taimaka aka ci.

Ɓangaren kyauta ya isa ga kusan kowa. Kana rubuta sunan ɗan wasa sai jadawalinsa ya fito, kowace kaka a layinta: shekarunsa, ƙungiyarsa, wasannin da ya buga, ƙwallaye, taimako, maki, yawan bugun da ya kai raga, kason da ya shiga, da mintocin da yake yi a wasa. Babu rajista, babu biya. Tallace-tallace suna da yawa, kuma a waya jadawalin yana da faɗi, sai ka yi ta ja gefe har ka manta layin wace kaka kake kai. A kwamfuta ya fi daɗin aiki nesa ba kusa ba.

Ɗauki jadawalin Gretzky da na Ovechkin ka raba kowanne gida biyu. Gretzky ya yi kaka 20. A goman farko ya ci 637, a goman ƙarshe 257. Kakarsa ta ƙarshe mai ƙwallo 50 ita ce 1988/89, ya ci 54 yana ɗan shekara 28, ya kuma rufe da ƙwallo 9 a 1998/99. Ovechkin zuwa ƙarshen 2024/25 shi ma kaka 20 ya yi: 475 a goman farko, 422 a na biyu, alhali ya shiga gasar yana ɗan 20, Gretzky kuwa yana ɗan 18. Wato goman Ovechkin na biyu gaba ɗaya bayan ya cika 30 ne. Wannan lissafi na minti biyu ne a shafin, kuma shi kaɗai ya nuna cewa tambayar ba ta da amsa guda. Amma wanda ya tsaya a nan ya yanke hukunci zai yi kuskure, domin jadawalin farko yana ɓoye abubuwa da dama.

Na farko ƙarami ne, amma yana rikita lissafi. Shafin yana rubuta shekarun ɗan wasa yadda suke a farkon watan Fabrairu na kakar. An haifi Gretzky ranar 26 ga Janairu, Jaromir Jagr kuma ranar 15 ga Fabrairu. Kwana 20 ne tsakanin ranakun, amma a jadawali ɗaya zai sami ƙarin shekara, ɗayan ba zai samu ba. Idan kana kwatanta mutum biyu a shekara 33, duba ranar haihuwar da ke saman shafin, don tazarar gaskiya tana iya kaiwa kusan wata goma sha biyu.

Na biyu shi ne zamani, kuma a nan shafin ya fi kowa ƙoƙari. A kakar 1981/82, wadda Gretzky ya ci 92, ana cin wajen ƙwallo 8 a wasa ɗaya idan an haɗa ƙungiyoyin biyu. A 2003/04 abin ya sauko zuwa 5 da 'yan kai, har mutum uku da suka fi kowa ci, Jarome Iginla da Rick Nash da Ilya Kovalchuk, suka tsaya a 41 kowannensu. A 2014/15 Jamie Benn ya zama zakaran maki da 87 kacal, a 2022/23 kuwa Connor McDavid ya tara 153. Duk wanda ya fara wasa a shekarun 1980 ya tsufa a ƙarshen shekarun 1990 zai zama kamar ya faɗi warwas, alhali wani ɓangare na faɗuwar ta gasar ce baki ɗaya: masu tsaron raga sun koyi durƙusawa su toshe ƙasan raga, kayan jikinsu sun ƙara girma, ƙungiyoyi sun koma cushe tsakiyar fili. Gretzky yana cikin waɗanda wannan ya shafa.

Maganin da Hockey Reference ya kawo shi ne alƙaluman da aka daidaita, suna can ƙasa da babban jadawali. Ana mayar da kowace kaka kamar ta wasa 82 ce, da 'yan wasa 18 a ƙungiya ban da masu tsaron raga, a gasar da ake cin ƙwallo 6 a wasa. Da wannan ma'auni 92 ɗin Gretzky tana komawa 68, 65 ɗin Ovechkin ta 2007/08 kuma tana hawa 72. Duk mai son ganin yadda shekaru ke cin ɗan wasa, wannan gurbi ya kamata ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya bar na ƙwallaye zalla.

Sai dai daidaitawar tana da nata ramuka. Tana kumbura gajerun kakanni. An buga wasa 48 ne kawai a 1994/95 da 2012/13 saboda rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, sannan 56 a 2020/21 saboda korona. Ovechkin ya ci 32 a 2012/13. Idan ka ninka da 82 ka raba da 48 za ka samu kusan 55, tun kafin a ƙara gyaran zamani. Lissafin yana ɗauka cewa da ya ci gaba da irin wannan zafin, ba rauni ba gajiya, har ƙarshe. Ga ɗan shekara 27 ana iya yarda da hakan. Ga Martin St. Louis, wanda ya zama zakaran maki a wannan kakar da 60 yana ɗan 37, zaton ya fi rauni, domin watannin ƙarshe na doguwar kaka ne suke gwada tsohon jiki. A ɗaya gefen kuma, ba ta gyara wasannin da mutum ya rasa saboda ciwo, tsawon kakar take dubawa. Mario Lemieux ya tara maki 160 a wasa 60 a 1992/93, kakar da aka yi masa maganin sankara, ya kuma dawo daga ritaya a Disambar 2000 ya tara 76 a wasa 43 yana ɗan 35. Jimillar ba za ta nuna maka girman wannan ba sai ka koma gurbin maki a kowane wasa. Don haka ana karanta biyun ne tare, wanda aka daidaita da na kowane wasa.

Abu na uku, wanda na fi ganin amfaninsa, shi ne inda ƙwallayen suke fitowa. Shafin ya raba su uku: waɗanda aka ci lokacin da adadin 'yan wasa ya yi daidai, waɗanda aka ci lokacin rinjaye, wato an kori ɗan adawa na minti biyu ko fiye, da waɗanda aka ci lokacin da ƙungiyar ce take da giɓi. Shekaru suna fara cin na farkon ne, domin biyar da biyar wasa ne na gudu da kokawa a jikin bango da komowa tsaro. Lokacin rinjaye kuwa fili yana buɗewa, mai ƙarfin bugu yana iya tsayawa wuri ɗaya a kawo masa. Ovechkin ya shafe shekaru yana tsayawa a da'irar hagu, Nicklas Backstrom da John Carlson suna zagayo da ƙwallon, shi kuma yana dukanta kai tsaye ba tare da ya tsayar ba. Ya wuce tarihin Dave Andreychuk na ƙwallon rinjaye 274 a ranar ƙarshe ta 2021. Bugu irin wannan ba ya tsufa da saurin da ƙafa take tsufa. Idan ka ga jimillar tauraro tana nan daram amma gurbin biyar da biyar yana raguwa kaka bayan kaka, to makomarsa tana hannun koci: ranar da aka cire shi daga rukunin farko na rinjaye, alƙalumansa za su rufta lokaci guda.

A nan ma akwai tarko. Bayan an rasa kakar 2004/05 gaba ɗaya, alƙalan wasa sun tsananta hukunci a kan riƙo da maƙale mutum da sanda, sai kowace ƙungiya ta riƙa samun damar rinjaye kusan sau shida a wasa a 2005/06. Bayan shekaru goma abin ya koma wajen sau uku. Shafin matsakaitan gasa na Hockey Reference yana nuna wannan kaka bayan kaka, kuma ya kamata a buɗe shi gefe ɗaya. Jagr ya tara maki 123 a 2005/06 yana ɗan 33, aiki ne babba, amma ya zo a kakar da ta fi kowace dacewa da irin wasansa.

Daga nan sai bugu. Gurbi biyu ne a jere, ɗaya na yawan bugun da ya kai raga, ɗaya na kason da ya shiga, wanda aka yi wa alamar S%. Ƙa'idar da masu nazarin wasan suka daɗe da sani ita ce yawan bugu yana maimaita kansa daga kaka zuwa kaka, kaso kuwa yana hawa yana sauka da sa'a. William Karlsson ya ci 6 a 2016/17, ya ci 43 a kaka ta gaba a ƙungiyar Vegas da kason da ya haura 23 cikin 100, sannan ya sauko 24. Babu ruwan shekaru a wannan, yana tsakiyar ƙuruciyarsa. Haka kuma lokacin da Ovechkin ya faɗo 32 a 2010/11 aka fara cewa ya ƙare yana ɗan 25, bugunsa bai tafi ko'ina ba, kason ne ya yi ƙasa da 9 cikin 100. Daga baya ya sake jera 51, 53 da 50. Alamar tsufa ta gaskiya ita ce bugu a kowane wasa ya ragu kaka biyu ko uku a jere, mintoci kuma su bi shi. Idan aka yi wa Ovechkin na 2024/25 wannan gwaji, za a ga duka biyun: mintocinsa sun sauko daga sama da 23 a 2007/08 zuwa ƙasa da 18, bugunsa ya ragu sosai daga 528 da ya yi a 2008/09, kason da ke shiga ne ya ɗauke shi zuwa 44 a wasa 65, duk da karayar ƙaramin ƙashin ƙwauri da ta hana shi wasa 16. Tsufan yana nan a alƙaluman, wani gurbin ne ya rufe shi.

Kada a manta da jerin wasa-wasa na kowace kaka, wanda shi ma kyauta ne. Jimillar 31 ta Ovechkin a 2023/24 ba ta faɗi cewa 8 kawai ya ci a wasa 43 na farko, sannan 23 a 36 na ƙarshe ba. Rabin kaka ba ya isa a yi wa mutum hukunci, ko na yabo ko na suka.

Yanzu ga babban aibin, wanda babu gurbin da ke gyara shi. Shafin yana nuna waɗanda suka buga ne kawai. Ɗan wasan da ya yi sanyi a 31 aka sallame shi, jadawalinsa yana tsayawa shiru, babu layin da aka rubuta sifili. Idan ka tara duk 'yan shekara 37 ka ɗauki matsakaicinsu, za ka ga kamar ba su da laifi, domin gwanayen gwanaye ne suka kai nan. Gordie Howe ya tara maki 103 a 1968/69 yana ɗan 40. Teemu Selanne, bayan ya faɗo ƙwallo 16 a 2003/04 da gwiwa mai ciwo, an yi masa tiyata, ya dawo ya ci 40 sannan 48 yana ɗan 36. Sidney Crosby ya cika kaka 20 yana samun aƙalla maki ɗaya a kowane wasa, ya wuce 19 na Gretzky a 2025. Waɗannan su ne sunayen da ake kawowa a muhawara. Ba a cika kawo Dany Heatley ba, wanda ya ci 50 sau biyu a jere yana ɗan 25 da 26, ya sauko 26 a shekara 30, ya bar gasar yana 34. Ko Jonathan Cheechoo, wanda ya ci 56 a 2005/06 yana wasa tare da Joe Thornton, sannan 37, 23, 12, 5, ya fita kafin ya cika 30. Ko Mike Bossy, wanda ya jera kaka tara yana cin 50 ko fiye, ciwon baya ya tsayar da shi yana ɗan 30 da ƙwallo 573 a wasa 752. Labarin Heatley ya fi kama da na yawancin taurari fiye da na Selanne.

Eric Tulsky, wanda yanzu shi ne babban manajan Carolina Hurricanes, ya yi wannan lissafi lokacin yana rubutun nazarin wasa, ta hanyar bin mutum ɗaya daga kaka zuwa kaka maimakon tara kowa. Ya sami cewa 'yan gaba suna kai ƙololuwa a wajen shekara 24 zuwa 25, suna riƙe kusan kashi 90 na makinsu har 29, sannan su sauko zuwa wajen kashi 60 a 35. Wani binciken na James Brander da abokan aikinsa a Jami'ar British Columbia ta Kanada, a 2014, ya sa ƙololuwar a 27 zuwa 28. Bambancin ya zo ne daga hanyar lissafi, amma sun haɗu a kan cewa gangaren yana farawa kafin ko wajen 30. Ka ɗora wannan a kan mai cin 50 a ganiyarsa: kashi 90 shi ne 45, kashi 60 kuma 30. Tauraro yakan daɗe yana da amfani, amma kakannin da za a ce ya fi kowa a gasa sukan taru ne tsakanin farkon shekarunsa na ashirin da farkon na talatin. A ganina duk wanda yake hasashe a kan McDavid ko Auston Matthews, waɗanda aka haifa duka a 1997, daga nan ya kamata ya fara, ba daga Ovechkin ba. Matthews ya riga ya nuna yadda lafiyar jiki take juya lissafi: ƙwallo 60, 40, 69 a kaka uku a jere, sannan 33 a wasa 67.

Don irin wannan aiki ne Stathead yake da rana. Kuɗinsa na wata-wata ne a dalar Amurka, kuma yana cire tallace-tallace. Abin da kake saya shi ne injin binciken kakanni: ka zaɓi 'yan gaba, ka sa iyakar shekaru, ka sa mafi ƙarancin ƙwallaye ko maki, ya jero maka duk kakar da ta cika sharuɗɗan. Sa shekara 35 zuwa sama da ƙwallo 50, suna biyu za su fito a duk tarihin gasar: Johnny Bucyk da 51 a 1970/71, da Ovechkin da 50 a 2021/22. Mayar da shi maki 100, jerin zai ɗan ƙaru, ka ga Howe, ka ga Bucyk da 116, ka ga Joe Sakic da 100 cif yana ɗan 37, amma ba zai cika allo ba.

Idan kana son ka yi lissafi irin na Tulsky da kanka, fitar da sakamakon zuwa Excel. Nemi duk 'yan gaban da suka taɓa cin 40 kafin su cika 27, daga 2005/06 zuwa yau don zamani ya zama kusan ɗaya. Ɗauki kowace kakarsu mai aƙalla wasa 40. Raba ƙwallaye da wasanni, sannan ga kowane mutum ka cire na bara daga na bana, ka tara bambancin bisa shekaru: duk na 28 zuwa 29 wuri ɗaya, duk na 29 zuwa 30 wuri ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zubar da waɗanda suka ɓace daga gasar. Buɗe musu gurbi dabam ka ƙirga mutum nawa ne suka rage a kowace shekara, domin wannan adadin shi ne rabin amsar. Kuskure na biyu shi ne farawa daga kakar da mutum ya fi kowace ci: wadda ta biyo bayan irin wannan kaka kusan kullum ƙasa take, ko yana ɗan 22 ne, sai a ɗora wa shekaru laifin da ba nasu ba. Stathead ba ya zana maka wannan gangaren, kayan aikin kawai yake ba ka, kuma a nan ne nake ganin ya gaza. Mai rubutu a kan wasan ko mai shirin rediyo da zai riƙa tambaya kullum, kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu. Mai tambaya ɗaya ya yi rajistar wata guda, ya kwashe abin da yake so, ya dakatar.

Akwai abin da shafukan biyu ba su da shi. Mintocin wasa sun fara ne daga ƙarshen shekarun 1990, don haka ba za a iya auna Bossy ko ganiyar Gretzky da ƙwallo a kowane minti 60 ba. Ingancin damar da mutum yake samu, da abokan da yake wasa da su a biyar da biyar, shafin Natural Stat Trick ya fi bayyana su, daga 2007/08. Gudun ƙafa da ƙarfin bugu kuwa sai shafin NHL EDGE, wanda gasar ta buɗe a 2023 da bayanan da suka faro daga 2021/22. Can ne ake ganin sau nawa ɗan wasa ya haura gudun mil 20 a awa a kaka, kuma raguwar wannan adadi alama ce da ta cancanci a sa mata ido tun kafin ƙwallaye su ragu. Kakannin da ya tara ba su da yawa tukuna.

Daga 2026/27 kakar NHL za ta koma wasa 84, sabuwar yarjejeniyar 'yan wasa kuma ta rage tsawon kwantiragi zuwa shekara 7 ga wanda ya sabunta da ƙungiyarsa, 6 ga wanda ya koma wata. Duk mai kwatanta kakannin da ke tafe da na baya zai buƙaci gurbin kowane wasa fiye da da, domin ƙwallo 50 a wasa 84 ba daidai take da 50 a wasa 80 na zamanin Bossy ba.